Yadda na gyara Tyrannosaurus ɗin roba da ya ƙi tsayuwa

Abin wasa ne na roba mai siffar Tyrannosaurus, ɗaya daga cikin manyan dabbobin zamanin da da ake kira dinosaur. Tun da ya iso, da na ajiye shi a kan kanta sai ya kife da baki, alhali Triceratops, wani dinosaur ɗin roba mai ƙafa huɗu da ke gefensa, ko gezau. Ashe ƙafar hagu ce ta lanƙwashe ciki a wajen idon sawu. Da robar PVC ake yin irinsu, zafi da matsi na tanƙwara ta. Shi kuma ƙafa biyu gare shi, ga ƙaton kai a gaba, ɗan karkata kaɗan ya isa ya kayar da shi.

Na cusa takarda a ƙarƙashin tafin, a banza. Na'urar busar da gashi kuwa saman robar kawai ta ɗumama, ga fargabar fenti.

Ruwan zafi ne ya yi aikin. Na tafasa, na bar shi ya huce zuwa wajen digiri 75, na zuba a kofi, na tsoma ƙafar kaɗai har gwiwa daƙiƙa 60, ta yi laushi. Sai na tsayar da shi cikin roba mai shimfiɗaɗɗen gindi, na danne ƙugu, na buɗa ƙafar waje har yatsu uku suka taɓa ƙasa. Ina riƙe da shi aka zuba ruwan ƙanƙara, na jira minti 3. Kada a tsallake sanyayawar nan, in ba haka ba robar komawa take yi.

Alhamdu lillahi, na gode wa abokin da ya ba ni shawara. Na kuma ɗauke shi daga jikin taga saboda rana.