Kurakuran da sababbin dillalan filaye suka fi yi a Maraɗi

Kusan kowane wata sai wani yaro ya same ni a rumfa ya ce, "Baba, ina so in shiga dillancin filaye." Bayan wata shida sai in gan shi ya koma kabu-kabu, yana cewa babu ciniki. Ciniki akwai shi, ga gari nan yana ta cinye gonaki ta wajen Ali Ɗan Sofo da Zariya da hanyar Ɗan Isa. Abin da ba su gane ba shi ne, a Maraɗi mai saye ba ya zuwa da ƙafarsa kawai, wani ne yake turo shi. Duk ɓarnar da za ka yi, har wanda ya turo ɗin ta shafa.

Babban kuskure shi ne taɓa filin gado da maganar mutum ɗaya. Wannan ya ƙone ni, har yau ina jin zafinsa. Surukina ya haɗa ni da wani alhaji mai fatauci tsakanin nan da Katsina. Na kai shi wani fili, babban wan gidan ya rantse mini ƙannensa duk sun yarda. Aka yi ciniki, aka sallama, aka biya. Ranar da aka fara zuba yashi sai ga ƙanwarsu daga gidan aurenta, ta ce ko labari ba ta ji ba, kuma gaskiyarta. Muka yi ta zarya tsakanin mai unguwa da fada. Alhajin bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, don darajar surukinka na amince da kai." La'ada na mayar. Abin da ya fi ciwo, abokan fataucinsa uku da suke shirin saye ta hannuna duk suka janye, kuma na shekara ina jin nauyin shiga gidan surukina.

Tun daga nan ba na nuna filin gado sai na zauna da magada ɗaya bayan ɗaya, har da mata, har da wanda yake ci-rani sai an kira shi a waya ina ji. Filin cikin gari ina ɗaukar takardarsa in je ofishin magajin gari a duba lamba da suna. In gona ce, sai hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Wasu abokan sana'a suna cewa ina kashe ciniki da jinkiri. Su ce.

Na biyu shi ne manta wanda ya turo maka mutum, kuma wannan rashin tarbiyya ne! Tela ya turo maka wanda yake yi wa ɗinki, ka ci la'ada, ko sannu ba ka koma ka ce masa ba, sannan gobe kana jira ya sake turo wani? Ni a ranar da kuɗi suka shigo hannuna nake zuwa da kaina in ba shi goronsa, ko jika biyar ne. In dattijo ne da zai ji kunyar karɓar kuɗi, sai in kai shadda ko buhun shinkafa gida. Ko cinikin bai faɗa ba ina komawa in gaya masa yadda aka ƙare.

Kada ka ɓoye ruwa. Ambaliyar Gulbi ce a 1945 ta sa aka tayar da garin nan daga fadama ya hau tudu, amma sai ka ga yaro yana nuna kwari da rani yana cewa lafiya lau. Mai saye in yana shakka, ni cewa nake ya dawo a Agusta mu gani tare.

A yanke la'ada gaban shaidu kafin a sallama. Kada ka ɗora wani abu a kan kuɗin mai fili a ɓoye, ranar suna ko jana'iza shi da mai saye za su haɗu su yi zancen. Abin da alhaji ya saya sirrinsa ne, ba hirar mai shayi ba. Hoton fili a WhatsApp yana taimakawa, amma ba ya maye gaisuwar sallah da zuwa ta'aziyya. Kuma in wanda ka sayar wa ya kira saboda maƙwabci ya ci masa iyaka, ka ɗauki wayar, ka hau babur ka je da igiyar awo.