Babi na Bakwai: Katinka, Fayil Ɗinka da Haƙƙin Kai Ƙorafi

Darasi na 1: Abin da aka rubuta a kanka

Duk mai zuwa asibiti a kai a kai, ko don gashi bayan shanyewar ɓarin jiki, ko don ganin likitan ƙwaƙwalwa irin na Dawanau ko Kazaure, an buɗe masa abu biyu. Na farko ƙaramin kati ne, shi kake tafiya da shi gida. Na biyu fayil ne, yana zaune a ofishin kati. A cikinsa ake rubuta ciwonka, maganin da aka ba ka, da abin da ka faɗa wa likita ku biyu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibiti ya adana wannan bayani ya kuma riƙe sirrinsa. Ba a buɗe shi ga suruki ko maƙwabci ko mai neman auren 'yarka, sai da yardarka a rubuce, ko da umarnin kotu, ko inda doka ta buƙata. Na san iyaye mata da dama da wannan tsoron ya hana su kai 'ya'yansu asibiti. Inna, kwantar da hankalinki, ki kai ta. A 2018 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya, wanda ya ce kana da ikon sanin abin da ke cikin fayil ɗinka. Fayil ɗin kansa ba za a miƙa maka ka tafi da shi ba. Kwafi ko rahoton likita kake nema.

Darasi na 2: Lambar kati

Ɗauko katinka yanzu. Ka duba inda sunanka yake. Kusa da shi akwai lamba. Ba lambar wayarka ba ce, ba kwanan wata ba ce. Da ita ake nemo fayil ɗinka, domin masu suna irin naka suna da yawa a asibiti ɗaya.

Ɗora yatsa a kan lamba ta farko daga hagu. Daga hagu, ba kamar ajami ba. Faɗe ta da baki, sannan ka rubuta ta. Matsar da yatsa gaba. Faɗa, rubuta. Misali: 004817. Sifili, sifili, huɗu, takwas, ɗaya, bakwai. Kada ka tsallake sifili don ka ji an ce shi ba komai ba ne. A nan yana da aiki. Idan akwai harafi ko sanda a tsakani, su ma ka kwafe su.

Yanzu ƙirga: lambobi nawa ne a kati? Nawa ne a takardarka? Idan ba su zo ɗaya ba, goge ka sake. Ba abin kunya ba ne, Baba, hannu yana sabawa a hankali. Ka kula da 6 da 9, ka kula da 1 da 7. Sake ɗora yatsa. Faɗa, rubuta, ƙirga.

Amma dole in yi magana. Wasu har yanzu daga ka suke rubutawa, katin yana aljihu, suna cewa sun haddace. Ba ku haddace ba! Mutum ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya yini a layi, a ce ba a ga fayil ba saboda lamba ɗaya. Fito da kati, ɗora yatsa. Rubuta lambarka sau biyar kafin mu wuce.

Darasi na 3: Wasiƙar nema

Kwafi wannan, ka cike gurbi:

Zuwa ga Shugaban Asibiti. Sunana ……, lambar katina ……. Ina neman rahoton jinyata. Kwanan wata ……. Sa hannu ko dangwale.

A gurbin lamba, yatsa a kan kati. Rubuta wasiƙar sau biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi a ɗayar ka ajiye. Idan an ce ka biya kuɗi, karɓi rasit.

Darasi na 4: Ƙorafi

Sashe na 30 na dokar 2014 ya ce kowa na iya kai ƙorafi kan yadda aka yi masa a asibiti, a kuma bincika. Rubuta rana, wuri, abin da ya faru, da lambar kati. Ban da zagi. Fara da in-cajin asibitin ko kwamitin lafiya na mazaɓa. A manyan asibitocin gwamnati ka tambayi teburin SERVICOM, wato inda ake karɓar ƙorafin jama'a kan aikin ma'aikatan gwamnati.

Darasi na 5: Idan an yi shiru

Ɗauki kwafinka mai hatimi ka kai ofishin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a a Kano ko Dutse.

Aikin gida: cike wasiƙar Darasi na 3. A zo da kati.