Kurakuran da na gaji da gani wajen tura mutum wani shafi a Django

Duk yaron da ya zo koyon Django (kayan aikin gina shafukan intanet da yaren Python) wurina a Jekadafari sai ya faɗa ramin da na taɓa faɗawa, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Na taɓa yi wa wata makaranta a nan Gombe shafin rajista. Uba ya cike fom ya aika, sai in nuna masa "an karɓa" a wannan adireshin, ban tura shi ko'ina ba. To kun san halin netwok ɗinmu. Hoton rasit ya ƙi fitowa, mutum ya sake loda shafin, Chrome ta tambaye shi ko a sake aika fom, ya ce e. Ranar Litinin da sassafe shugaban makarantar ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba: yarinya ɗaya ta fito sau huɗu, an ɗora mata kuɗin zango sau huɗu. Kwana biyu na yi ina share layuka da hannu. Alhali maganin layi ɗaya ne. Fom ya shigo da POST (hanyar da burauza ke aiko da bayanai), ka adana, nan take ka tura mutum wani adireshi da redirect. Ko sau goma ya sake lodawa, GET ne kawai, wato neman ganin shafi, babu abin da zai ƙara shiga rumbun bayanai.

Sai masu rawar jikin sa permanent=True a cikin redirect. Don Allah wa ya aike ku? Django da kanta lambar 302 take bayarwa, wato turawa ta wucin gadi. Kai ka mayar da shi 301, wato na dindindin, burauza kuwa ta haddace. Gobe ka gyara a saba (kwamfutar da shafin yake zaune a kai), wayar mai shago a Pantami tana nan tana kai shi tsohon wuri, kuma ba za ka bi gida-gida kana share wa mutane ajiyar burauza ba. Ni sai adireshi ya yi wata guda a 302 ban taɓa shi ba kafin in mayar da shi 301.

Mantuwa da return kafin redirect, wannan Django ma za ta yi maka ihu.

Kada ka kulle shafin shiga da login_required, mai tura duk wanda bai shiga ba zuwa shafin shiga. Zai yi ta tura kansa har Chrome ta gaji.

Abin da ya zo cikin next kuma, wato adireshin da za a kai mutum bayan ya shiga, in da hannunka kake karanta shi, kada ka yarda da shi ido rufe. Ɗan damfara zai cusa adireshinsa, mutum ya shiga ta shafinka ya ɓulla a nasa. Ka tace shi da url_has_allowed_host_and_scheme na Django, mai duba ko adireshin amintacce ne, tukuna.