Kai biki Kiribi daga arewa: kurakuran da ke ɓata shi da yadda za a gyara

Ya zama ruwan dare yanzu ka ji yarinya a Garwa ko Marwa ta ce ita a bakin teku take son a yi bikinta. Hotunan Kiribi, garin bakin teku da ke kudancin Kamaru, sun cika wayoyi: farin yashi, itatuwan kwakwa, ga ruwan Lobe yana gangarowa daga kan duwatsu yana zuba kai tsaye cikin teku. Ban ga laifin wannan sha'awa ba, wurin ya cancanci a je. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu zuwa da lissafin arewa suke tafiya, kuma kudu ba ta aiki da wannan lissafin.

Babban kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sa rana. Mu a nan, da Oktoba ya kama an san damina ta yi sallama, sai a fara maganar bukukuwa. A Kiribi kuwa Satumba da Oktoba su ne tsakiyar ruwa. Garwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, Marwa ba ta ma kai haka ba, Kiribi kuwa tana kusantar 3,000. Abin da ke sauka can a Oktoba kaɗai yana kusan rabin na shekarar Garwa gaba ɗaya. Kuma sau biyu suke damina: akwai ta Afrilu zuwa Yuni, a ɗan sarara a Yuli da Agusta, sannan babbar ta dawo har cikin Nuwamba. Wanda ya kafa rumfuna a fili a irin waɗannan watanni ya yi caca da kuɗinsa. Limbe ta ma fi haka, don tana gindin Dutsen Kamaru, kuma Debunsha da ke kusa da ita tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, wajen milimita 10,000 a shekara. Can Yuli da Agusta ne ruwa ba ya ɗagawa.

Ranin bakin teku gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. A cikinsa ma sai an zaɓa. Makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara mutanen Duwala da Yawunde suna kwararowa hutu, ɗakuna su ƙare, farashi ya haura, bakin ruwa ya cika da kiɗa da shaye-shaye har asuba. Ba wurin da za ka kai surukarka ba ne a wannan lokacin. A bari sai an shiga Janairu sosai. Sannan a duba watan azumi, don a shekarun nan yana kamawa ne a wannan tsakanin, kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ko da an samu ranar da ta dace, kada a karɓi wurin da ba shi da rufaffen ɗakin taro. Ranin kudu ba ya hana hadari haɗuwa da yamma.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, ko da yake ba a ganinsa a takardar lissafi. Shi ne a ce komai da komai za a kwasa a kai teku, har da ɗaurin aure. Ɗaurin aure na waliyyai ne da shaidu da liman da mutanen unguwa. Baffan amarya mai shekara saba'in da wani abu, wanda shi ke da hakkin bayar da ita, ba zai iya tafiyar kwana biyu ba. In aka tilasta masa an cutar da shi, in aka tsallake shi aka naɗa wakili don kawai a samu hoton teku, an bar tabon da zai daɗe a dangi. Na ga wata gwaggo a zaure, an zo ana yi mata bayanin tsarin tafiya, wa zai hau jirgi, wa zai bi mota. Ta saurara har aka gama, ta gyara mayafinta ta ce wa uwar amarya, "Yaya, ni da na yi mata wankan jego tun tana tsumma, a waya zan ga auren nata?" Babu wanda ya iya ba ta amsa.

Gyaran ba shi da wuya. A ɗaura aure a gida, a masallacin unguwa ko ƙofar gidan waliyyi, a raba goro da alewa, a yi kamu da sa lalle da walima inda kowa zai iya zuwa da ƙafarsa. A kai amarya ɗakinta yadda aka saba. Bayan an huta kwana kaɗan, sai ango da amarya da 'yan tsirarun mutane su sauka Kiribi a yi liyafar. Ta haka babu wanda aka hana hakkinsa, kuma nauyin tafiyar ya ragu ƙwarai.

Doka ma wannan hanyar take goyon baya. Masu son takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari, su sani cewa tsarin da ake bi a Kamaru tun dokar 1981 ya ce jami'in garin da aka haifi ɗaya daga cikin ma'auratan, ko garin da yake zaune, shi ke ɗaura auren hukuma, kuma sai an liƙa sanarwa wata guda kafin ranar. Ba a sauka Kiribi ranar Alhamis a nemi sa hannu ranar Asabar. A gama da merin gida tukuna. A wurin ne kuma ake tambayar ango ko auren mace ɗaya ya zaɓa ko na fiye da ɗaya, a rubuta a takarda. Wannan magana ce da ya kamata iyalai biyu su gama ta tun a ɗaki, kada a fara jin ta a gaban jama'a.

Sai hanya. Mutane suna kallon taswira su ce ai duk Kamaru ce. Daga Marwa zuwa Garwa sama da kilomita 200 ne, daga Garwa zuwa Ngaundere kusan 280, ga hawan dutsen nan da manyan motoci ke rarrafe a kansa. Daga nan jirgin ƙasa na Camrail ya ɗauke ka da yamma, ya kwana yana tafiya sama da kilomita 600, ka wayi gari a Yawunde. Ba ka iso ba tukuna, saura mota ta hanyar Edeya, kusan kilomita 280. Wanda ya taso daga Marwa ya ci wajen kilomita 1,400 kafin ya ga ruwa. Saboda haka kada a sa liyafa washegarin isowa. A bar yini guda cur na hutu, ƙafafun tsofaffi su sace, yara su yi barci. Tikitin ɗakin kwana a jirgin ƙasa a saye shi da wuri, mata a haɗa su ɗaki guda. Masu hawa jirgin sama daga Garwa ko Marwa su tuna cewa lokacin da teku ta fi daɗi shi ne lokacin hazo a wurinmu, kuma hazo yana hana jirgi tashi. Duwala ko Yawunde za a sauka, sauran tafiyar ta mota ce. Amarya da kayanta su riga kowa tafiya da kwana biyu.

'Yan'uwa na Injamena da za su ƙetaro gadar Ngeli zuwa Kuseri, kuɗinsu ɗaya da namu, ba su da matsalar canji. Abin da ake mantawa shi ne takardun yara da katin rigakafin shawara, ga shingayen bincike da yawa a hanya. Dangin Yola da Mubi su canza nairarsu tun a arewa. Na Nijar kuma a gaya musu sefarsu ta yamma ba ita ake kashewa a nan ba.

Akwai kuma maganar yawan mutane. Bikinmu ba a kirga baƙi, wanda ya ji ya zo, tukunya ta ishi kowa. Otal kuwa kujera yake kirgawa da faranti da gado. Ka ce mutum arba'in, ranar tafiya ka ga sittin a tasha, kowa da ƙaramin yaro a hannu. Tun farko a rubuta sunaye, a faɗa wa kowa a fili wa zai biya kuɗin mota, wa zai biya ɗaki. Kunyar faɗin wannan ita ke sa ango ya dawo da bashin da zai shekara yana biya. In kuɗin mutum ashirin ake da shi, a tsaya a ashirin, sauran ai sun ci walima a gida.

Abinci yana da tarko biyu. Na farko nama. Ɗakin girkin otal a kudu yana dafa naman alade da naman daji, wani lokaci a zuba giya a miya, kuma mai girkin bai ɗauki hakan a bakin komai ba. Cewa "mu Musulmi ne" ba ya wadatarwa. A nemi mahauta 'yan arewa a kasuwar garin, a sayi rago ko sa a yanka a gaban wakilinku, a yi yarjejeniya da otal cewa mata biyu ko uku daga cikinku za su shiga girkin da tukwanensu. Wasu wuraren suna yarda, wasu sai an ƙara kuɗi, wanda ya ƙi a nemi wani. Kifi da jatan lande su ne abin alfaharin Kiribi, ana sayensu da ɗumi-ɗuminsu a inda masunta ke sauke kwalekwale, kuma halal ne. Amma tsohon da ya saba da tuwon dawa da miyar kuka ba zai ƙoshi da su ba, wasu ma jatan lande yana sa musu ƙaiƙayi da kumburi. A tafi da gari da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Ba su da nauyi.

Tarko na biyu laima ce. Iskar bakin teku jiƙe take ko ba a ruwa. Kilishin da zai yi wata a Marwa yana ƙamas, can cikin kwana kaɗan zai yi laushi ya fara furfura. Dubulan da cincin da alkaki su saki. A zuba su a robobi masu murfi a rufe gam, kada a buɗe sai za a ci. Wannan laimar ce kuma ke hana lalle bushewa da wuri, shi ya sa ya fi kyau a yi shi a gida. Shadda mai nauyi da leshi mai duwatsu, amarya za ta jiƙe da gumi kafin a gama gaisuwa, kwalliyar fuska ta narke. A ajiye manyan kaya don ɗakin taro mai sanyi, na bakin ruwa a ɗinka marasa nauyi. Takalmi mai tsini kuma nutsewa yake a yashi.

Wajen tsara lokaci, mutanenmu ba su san teku tana cika tana janyewa ba. Sau biyu take yi a yini, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Filin da ka gani da safe ka ce nan za a jera kujeru, da la'asar yana iya zama cikin ruwa. A tambayi masunta, su ne suka san ta. Rana kuma tana faɗuwa cikin tekun ne, wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna, duhu ya rufe nan da nan. Mai hoto zai so wannan lokacin, shi ne kuma lokacin magariba. In an ce taro ƙarfe huɗu aka fara shida kamar yadda muka saba, an rasa hasken, an kuma takura masu salla. A fara da an idar da la'asar, a tanadi tabarmi da butoci a gefe. Alƙibla tana arewa maso gabas, wato mai salla zai juya wa teku baya. Ruwan teku kuma yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa.

A kuma sani bakin ruwa na kowa ne. Otal ba ya iya hana masu wanka da 'yan tallace-tallace wucewa, kuma shigar wanka a can ba irin wadda iyayenmu suka saba gani ba ce. In ana son mata su sake, su yi guɗa su taka rawa, a nemi wuri mai katanga ko wanda ke can wajen gari, ta hanyar Lobe ko ta Lonji.

Abin da nake roƙo a ɗauka da gaske fiye da komai shi ne ruwan kansa. Yaranmu sun saba da mayo, wato irin kogin nan namu wanda rabin shekara yashi ne. Ko wanda ya iya iyo a Binuwai bai san teku ba, don tana da igiyar da ke jan mutum zuwa ciki ko a inda ruwan ya yi kamar yana kwance. Ranar biki hankalin kowa yana kan amarya, a nan ne yaro ke sulalewa. A naɗa manya biyu waɗanda ba su da wani aiki sai tsaron yara, kada kowa ya wuce gwiwa, kada a shiga bayan magariba. Masu hawa kwalekwale zuwa gindin ruwan Lobe su nemi rigar da ke hana nutsewa, kuma kada a cika shi don a shiga hoto ɗaya.

Maganar kuɗin kafin alƙalami: kada a tura wa kowa ta Orange Money ko MoMo don an ga hotuna a Facebook. Hoto yana iya zama na shekara biyar da suka wuce, ko ma na wani wurin dabam. Muna da 'yan'uwa a unguwannin Birketiri ta Yawunde da Nubel ta Duwala, a roƙi ɗaya mai jin Faransanci ya je ya kwana a wurin, ya buɗe famfo ya ga ruwa, ya ce a tayar masa da janareta ya ji ƙararsa, don wuta tana ɗaukewa. Fulatanci da Hausa ba za su yi ciniki da mai otal ba. Duk abin da aka yi alkawari a rubuta a sa hannu: yawan ɗakuna, ɗakin taro in ruwa ya sauko, wa zai sayi man janareta, ba za a kawo giya teburinku ba, da abin da za a mayar in an ɗaga rana.

Wanda ya fi son Limbe saboda baƙin yashinta da lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, ya tuna tana yankin Kudu maso Yamma da ke fama da rikici tun 2016, inda ake zaman gida ranar Litinin a wurare da dama. Kada a sa tafiya ko dawowa a wannan ranar, kuma a tambayi mazauna garin halin da ake ciki kafin a biya ko sisi.

Sauro a bakin teku ba shi da rani ba shi da damina, ga wasu ƙananan ƙwari da ake kira mutmut masu cizo da yamma, ba ka ganinsu sai dai ka ga ƙafa ta yi ruɗu-ruɗu. A tafi da gidan sauro da man shafawa, masu hawan jini da ciwon suga su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar. Mai tsohon ciki a bar ta a gida. Duk wanda ya ji zazzaɓi cikin mako biyu da dawowa, musamman yara, a kai shi asibiti a gwada jini a ranar.