Kurakuran da ke cinye ribar masu jigilar kaya, da hanyoyin gyara su

Ranar 23 ga Maris, 2021, jirgin dakon kaya Ever Given mai tsawon mita 400 ya gicciye a mashigin Suez, ya toshe hanyar har kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bayansa. A 2023 fari ya rage ruwan tafkin Gatun da ke ba mashigin Panama ruwa, hukumar mashigin Panama ta rage yawan jiragen da ke wucewa a kullum. A ƙarshen wannan shekarar kuma hare-haren 'yan Houthi a Bahar Maliya suka tilasta wa manyan kamfanonin jiragen ruwa zagayawa ta kudancin Afirka, tafiya daga Asiya zuwa Turai ta ƙaru da kwana goma ko fiye. Duk da haka, har yau za ka tarar da manajan sayen kaya yana aiki da adadin kwanakin isowa da ya rubuta shekarun baya, tamkar hanya ba ta taɓa rufewa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma gyaransa lissafi ne kawai. Idan kana fitar da katan 100 a rana, kayanka kuma kan ɗauki kwana 40 kafin su iso, dole ka ba da oda tun saura katan 4,000 a sito. Amma kwana 40 ɗin nan matsakaici ne. Ɗauko takardun jigilar shekara biyu da suka wuce, ka duba mafi munin jinkirin da aka samu. In ya kai kwana 55, ƙarin katan 1,500 ɗin nan shi ne ajiyar ko-ta-kwana. Ba kowace haja ce ta cancanci hakan ba, domin ajiya kuɗi ne a kwance, ga haya ga inshora. A ware wadda rashinta zai tsayar da injin ko ya kori mai saye, sauran a bar su yadda suke.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya: sanin wanda ke kawo maka kaya, ba tare da sanin wanda ke kawo masa ba. Kamfani zai yi alfahari yana da masu kawo kaya biyu ko uku, alhali dukansu a masana'anta ɗaya suke saro sinadarin. Toyota, wanda ya yi suna wajen karɓar kaya daidai lokacin buƙata ba tare da tarawa ba, ya ji jiki a girgizar ƙasar Japan ta 2011, lokacin da masana'antar Renesas mai yin ƙananan na'urorin lantarki na motoci ta lalace. Bayan nan ya zauna ya bi diddigin masu samar masa da sassa mataki-mataki, ya kuma nemi a riƙa ajiye masa na'urorin na watanni. Da ƙarancinsu ya game duniya a 2021, ya fi takwarorinsa jurewa a farkon shekarar, ko da yake daga baya shi ma ya rage ƙera motoci. Ajiya ba ta kawar da matsala, lokaci take ba ka ka nemi mafita. Ƙaramin kamfani ma zai iya kwaikwayon wannan: ka zaɓi kaya goma da suka fi muhimmanci, ka tambayi kowane mai kawo su ina yake samo kayan aikinsa, kuma ta wace tashar ruwa suke fitowa. Sai ka riƙa ba madogara ta biyu ɗan ciniki tun ana zaman lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma odar firgici. Mai shago ya ga kaya na wahalar samu, sai ya nemi ninki biyu. Dillali ya ga haka ya ƙara nasa, masana'anta ta ɗauka kasuwa ce ta buɗe. A lokacin annobar korona haka aka yi ta yi, har a Janairun 2022 jirage sama da 100 na jiran sauke kaya a tashoshin Los Angeles da Long Beach na Amurka. Da kayan suka iso, masu saye sun riga sun juya, manyan kantuna irin su Target da Walmart suka koma karya farashi don rage tulin haja. Maganin shi ne kowa a sarkar ya ga ainihin abin da aka sayar wa mai amfani, ba odar da na ƙasa da shi ya turo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da ake yi a kan takarda, domin babu hadari babu yaƙi, sakaci ne zalla. Mutane da yawa na sayen kaya bisa sharaɗin CIF, wato farashin da ya haɗa kuɗin kaya da inshora da jigila, suna zaton alhakin kayan na wuyan mai sayarwa har su iso. A ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa na Incoterms na 2020, mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora, amma da zarar an loda kayan a tashar tashi, duk abin da ya same su na mai saye ne, kuma inshorar da aka wajabta mafi ƙaranci ce. Ka karanta takardar inshorar kafin jirgi ya tashi, in ba ta wadatar ba ka nemi ƙari. Haka lambar rarrabe kaya ta kwastam, wadda alƙalumanta shida na farko iri ɗaya ne a kusan duk duniya: kuskuren alƙalami ɗaya na iya canza haraji ko ya sa a riƙe kwantena. Kwanakin alfarma da kamfanin jirgi ke bayarwa don a ɗauke kwantena ba tare da biyan kuɗi ba kaɗan ne, suna ƙarewa kuɗin jinkiri zai fara hawa kullum. Don haka a kammala takardu tun jirgi na kan teku, a kuma kwatanta farashi da abin da kaya za su ci har ƙofar sito, ba abin da ke kan rasidin masana'anta ba.

Abin da ake yayi yanzu shi ne sayen manhajojin hasashen kasuwa masu ƙirƙirarriyar basira. Suna da amfani, amma in kwamfuta ta ce akwai katan 300 a sito, ido kuma ya ƙirga 240, hasashen ma zai fito a karkace. A fara da ƙidayar wani ɓangare na sito kowane mako har lissafi ya daidaita. A kuma tanadi kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da intanet, tare da jerin lambobin direbobi da wakilan kwastam a rubuce. A Yunin 2017 harin intanet na NotPetya ya durƙusar da kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ma'aikata suka koma karɓar oda ta wayoyinsu da rubutun hannu, kamfanin kuma ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.