Ƙofofin da dokar jami'a ta bari a buɗe ga ɗalibi

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, da na Birnin Kebbi da Aliero, kan yi raha cewa kowace doka tana da ƙofar baya. Akwai ƙofofin, amma na gaba ne, a rubuce suke cikin littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa a aji ɗaya. Karanta shi ne kawai ba a yi.

Fara da lissafin maki. A ma'auni mai maki biyar, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B ce mai 4, 50 zuwa 59 kuma C mai 3. Ana ninka makin harafin da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba shi, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. Ke nan a kwas mai yunit 3, tsakanin 69 da 70 akwai maki uku cur. Saboda haka raba lokacin karatunka gwargwadon nauyin kwas. Aikin bincike na ajin ƙarshe yunit 6 ne a sassa da yawa, A a cikinsa maki 30 ce, amma za ka ga ɗalibi ya bar shi sai saura mako uku, yana kwana a kan kwas mai yunit 1.

Ƙofar da ta fi ceton mutane ita ce takardar ƙara kwas ko ajiye shi, wadda ake buɗewa a makonnin farko na zango. Ga misali: ka yi rajistar yunit 21, ka tara maki 66 a cikin yunit 18, sai ka yi watsi da wani kwas na zaɓi mai yunit 3 ba tare da ka cire shi ba. F mai maki sifili za a rubuta maka, a raba 66 da 21, ka tashi da 3.14. Da ka cire shi kafin wa'adi, da 18 za a raba, ka samu 3.67. Tazarar ta ratsa layin 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu babba yake farawa. Sharuɗɗa biyu ne: kada ka sauko ƙasa da yunit 15 a zango, kuma kwas na dole ba ya ajiyuwa har abada, jinkiri kawai za ka yi. Je wurin kodinetan ajinku ya sa hannu, ka buga sabuwar takardar rajista, ka adana kwafi. Cirewa da baki ba cirewa ba ce, kuma a nan ne mafi yawa suke faɗawa.

Haka rashin lafiya ko matsalar hanya. Wanda ya san ba zai iya zana jarrabawa ba, ya rubuta takardar neman ɗage zango ta hannun shugaban sashe tun kafin a fara, ya haɗa da takardar asibiti da asibitin jami'a ya tabbatar. Wanda ya ɓace shiru ya dawo da uzuri bayan sakamako ya fito, kariyoba ce ke jiransa, wato maimaita kwasa-kwasan.

Akwai kuma ƙofar ƙarya da nake roƙon a guje mata. Wasu na cusa fararen haruffa tsakanin kalmomi, ko su musanya harafi da na wani yare mai kama da shi, don su ruɗi Turnitin, manhajar da ke auna kamanceceniyar rubutun ɗalibi da na wasu. Manhajar tana gano duka biyun, ta nuna wa malami, sai maganar ta tashi daga kamanceceniya ta koma maguɗi, a miƙa ka ga kwamitin ladabtarwa. Abin da ya halatta shi ne ka roƙi malamin da ke duba aikinka ya saita ta ta tsallake jerin manazarta da maganganun da ka sa cikin alamar zance. Sauran kuma ka rufe littafin, ka rubuta da kalmominka, ka ambaci mai shi.