Yadda ake yin tsohuwar tequila a Jalisco, da inda sabbin hannu suke kwafsawa

Tequila barasar ƙasar Meziko ce, kuma yawanci a jihar Jalisco ake yinta. Ni dai ba sha nake ba, aikin ne yake burge ni, kuma abin da na lura duk sabon shiga hankalinsa na kan gangar da ake ajiye ta ta tsufa, alhali tun a tanderu ake ɓata kaya.

Da farko agave, tsiron da ake yin barasar da shi, kar ka sare wanda bai nuna ba, shuɗin nan da ake kira Weber yana cin shekara 6 zuwa 8 a gona. Mai sara, jimador suke ce masa, ya aske ganyen tas da wuƙarsa mai zagayayyen baki, coa, har sai ya bar kan kamar ƙatuwar abarba. A raba biyu, a cire tohon tsakiya, in ka bar shi ɗaci zai bi ka har kwalba.

To ga inda ake faɗuwa. A jera a tanderun bulo a sakar masa tururi a hankali, kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a barshi ya huce a ciki. Ruwan da ya fara tsiyayowa a awannin farko zubar da shi ake yi, dauɗa ce da kakin ganye, amma sai ka ga mutum yana jin asara ya haɗa da na baya, shikenan ya gama da kansa. Wani kuma ya ƙara wuta don sauri, waje ya ƙone ciki ɗanye. In ya dahu daidai launinsa kamar mazarƙwaila, ka tsinke shi da hannu ka tauna kamar rake, ƙamshi kamar gasasshen dankali da zuma. Injin autoclave, tukunyar ƙarfe mai dafawa da matsin tururi, yana gamawa cikin awa 12 ko ƙasa, ya fi arha kam, amma a wajena bulo ne kawai.

Daga nan a murƙushe da tahona, dutsen niƙa mai siffar taya mai kusan tan 2 da alfadari ke ja a da. A zuba a randar katako har da tuƙar, ya tsimu 'yan kwanaki, a tace ta hanyar dafawa da tara tururinsa sau biyu a tukunyar tagulla.

Ganga kuma ta itacen oak, galibi wadda Amurkawa suka gama ajiye barasarsu ta bourbon, kar ta wuce lita 600. Shekara 1 zuwa 3 a ganga shi ne añejo, wato tsohuwa, in ya haura 3 extra añejo, sunan da aka shigo da shi a 2006. Ka riƙa dubawa, in ta daɗe da yawa katako ya danne ƙamshin agave ɗin, sai vanila kawai.